Daga kicin zuwa fagen daga: Tseren ƙera makamin maikurowef mai kakkaɓo jirage marasa matuƙa

A ranar 26 ga Agustan 2025, kamfanin Epirus na Amurka ya tara jami'an soja a sansanin Camp Atterbury da ke jihar Indiana domin ya nuna musu wani makami mai suna Leonidas. An tayar da ƙananan jirage marasa matuƙa 49 lokaci guda, aka saita makamin, sai dukkansu suka zubo ƙasa, kamar yadda kamfanin ya sanar. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Kwana takwas bayan haka, a faretin da China ta yi a Beijing na cika shekara 80 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, an ga manyan motoci ɗauke da irin wannan makami a sahun kayan yaƙi da jirage marasa matuƙa.

Ita ma Birtaniya tun a watan Afrilun 2025 ta ce sojojinta sun gwada nata a yammacin Wales, inda ya lalata jirage sama da 100 a tsawon gwaje-gwajen. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta ƙiyasta kuɗin kowane harbi a kan fenni 10 kacal.

Dukkan waɗannan makamai abu guda suke harbawa: igiyoyin maikurowef masu tsananin ƙarfi, dangin waɗanda ke ɗumama abinci a kicin. Ɗaya daga cikin na'urorin da masana suka shafe kusan shekara 50 suna gwadawa domin samar da irin wannan ƙarfi shi ne babban magnetiron, yayan ƙaramin da ke cikin akwatin ɗumama abinci.

Lissafin da ya hana janar-janar barci

Abin da ya fito da wannan bincike daga ɗakin gwaji zuwa teburin ministocin tsaro shi ne kuɗi.

A ranar 14 ga Satumban 2019, jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami suka faɗa wa cibiyoyin man Saudiyya da ke Abqaiq da Khurais. Cikin dare guda ƙasar ta rasa gangar mai miliyan 5.7 a kowace rana, wato kusan rabin abin da take haƙowa.

A watan Janairun 2024, jirgi maras matuƙi guda ɗaya ya kashe sojojin Amurka uku a sansanin Tower 22 da ke Jordan. A tekun Bahar Maliya kuma, jiragen ruwan yaƙin Amurka sun riƙa harba makamai masu linzami na kusan dala miliyan biyu kowanne domin kakkaɓo jiragen 'yan Houthi da kuɗinsu bai wuce dubban daloli ba.

Irin wannan ciniki ba ya ɗorewa. Mai kai hari zai iya turo jirage 50, alhali makaman da mai tsaro ya ɗora za su iya ƙarewa tun kafin a kai rabi.

An daɗe ana dogaro da na'urorin toshe sadarwa, waɗanda ke katse hulɗa tsakanin jirgin da mai sarrafa shi. Sai dai tun daga 2024 Rasha da Ukraine suka fara amfani da jirage masu jan siririn zaren gilashi mai tsawon kilomitoci, wanda umarni ke bi ta cikinsa. Irin waɗannan babu igiyar rediyon da za a toshe musu.

A nan ne makamin maikurowef ya samu shiga. Shi ba ruwansa da sadarwa, kayan lantarkin da ke cikin jirgin yake nema. Igiyoyin kan shiga ta eriya ko ta wayoyin jirgin, su haddasa wutar da ta fi ƙarfin ƙananan sassansa, sai kwamfutarsa ta rikice ko ta ƙone. Tun da harbin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, zai iya kama jirage da dama a bugu guda, saɓanin makamin lesa da ke bin su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda magnetiron ke aiki

Wanda ya taɓa hura bakin kwalba ya ji ta yi kuka, ya riga ya fahimci rabin labarin. Iskar da ke giftawa ta bakin rami ita ke sa iskar ciki ta girgiza, girman ramin kuma shi ke yanke irin sautin da zai fito.

Magnetiron ma haka yake, sai dai a maimakon iska, ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron ne ke giftawa. A tsakiyarsa akwai sandar ƙarfe da ake kira katod, wadda ke fitar da ƙwayoyin. Kewaye da ita akwai zoben tagulla mai ramuka, wato anod. An zuƙe iskar da ke tsakaninsu kaf.

Wutar lantarki na jan ƙwayoyin daga sandar zuwa zoben, maganaɗisu kuma na lanƙwasa hanyarsu, sai su riƙa zagaye suna wucewa ta bakin ramukan. Wannan zagayen ne ke haifar da igiyoyin maikurowef.

Albert Hull na kamfanin General Electric ne ya raɗa wa na'urar suna a farkon shekarun 1920. Amma wanda ya sauya tarihi shi ne mai ramuka da John Randall da Harry Boot suka ƙera a Jami'ar Birmingham a Fabrairun 1940. A watan Satumban shekarar Birtaniya ta kai shi Amurka a asirce, ya zama zuciyar na'urorin radar da aka ɗora a jiragen sama aka riƙa farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus.

A 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon mai suna Percy Spencer ya lura cewa igiyoyin na narkar da alewa, daga nan aka samu akwatin ɗumama abinci.

Abin da ya bambanta babban da ƙaramin

Na kicin yana aiki da wutar da ta kai bolt 4,000, yana ba da kimanin wat 1,000. Ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa na gudun kusan kashi 12 cikin 100 na gudun haske.

Shi kuwa babban, ana ɗura masa bolt dubu 500 zuwa miliyan guda, da ƙarfin kwarara na dubban amfiya. A bolt dubu 500, ƙwayoyin na gudun kashi 86 cikin 100 na gudun haske. A irin wannan gudu, lissafin yau da kullum ba ya aiki, dole a koma ga ka'idar Albert Einstein, wadda ta nuna cewa yayin da abu ke kusantar gudun haske, ƙara masa gudu na ƙara wuya. Daga wannan ka'ida na'urar ta samo sunanta a wajen masana.

George Bekefi da Thaddeus Orzechowski na cibiyar MIT da ke Amurka ne suka wallafa gwajin farko a 1976, inda suka samu ƙarfin da ya shiga sahun gigawat, wato megawat dubu. Samfurin mai ramuka shida da aka ƙera a MIT, wanda ake kira A6, har yau shi ne ma'aunin da masu bincike a ƙasashe da dama ke gwada sababbin dabarunsu a kansa.

Domin a gane girman gigawat, dukkan injinan madatsar ruwa ta Kainji an girka su ne su ba da megawat 760. Na'urar da ba ta fi bokiti girma ba tana zarce wannan.

To amma akwai wani hanzari ba gudu ba. Wannan ƙarfi ba ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa. Idan aka lissafa gigawat guda a wannan ɗan lokaci, makamashin da ya fito jul 100 ne, wanda ba zai tafasa ko cokalin shayi guda na ruwa ba. Sirrin na cikin dunƙule ɗan makamashi a saki shi a bugu guda, kamar bambancin tura ƙusa da hannu da buga ta da guduma.

Aikin dunƙulewar na wasu injina ne na daban, irin injin Marx da Bajamushe Erwin Marx ya ƙirƙiro a 1924, wanda ke tara wuta a hankali ya sake ta lokaci ɗaya.

Matsaloli huɗu da suka riƙe masana

Idan tun 1976 aka kai gigawat, me ya hana a ga makamin a fagen yaƙi tuntuni? Amsar na cikin abubuwan da gwaje-gwaje suka yi ta karo da su.

Na farko shi ne mutuwar harbi tun kafin lokacinsa. Babban magnetiron ba ya ɗumama katod kamar na kicin. Tsananin wutar ne ke sa ƙananan tsinin da ke jikin ƙarfen su fashe su fitar da ƙwayoyin lantarki, al'amarin da Gennady Mesyats da abokan aikinsa suka gano a birnin Tomsk na Saberiya a shekarun 1960.

Fashewar kan bar wani gajimaren iska mai ɗauke da wuta, wanda ake kira fulasma. Gajimaren na faɗaɗa da gudun santimita kaɗan a cikin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ya cike gurbin da ke tsakanin katod da anod. Da zarar haka ta faru, igiyoyin sun ɗauke, ko da injin na ci gaba da turo wuta. Masana sun lura cewa yawanci idan aka ƙara ƙarfin harbi, tsawonsa na raguwa.

Na biyu shi ne asara. Na kicin yana mayar da kusan kashi biyu cikin uku na wutar da ya sha zuwa igiyoyi. Manyan na farko kuwa yawanci tsakanin kashi 10 zuwa 30 suke tsayawa, saura ya tafi a zafi da ƙwayoyin da ke sulalewa ta gefe.

Na uku shi ne rikicin sauti. Ramukan na iya girgiza ta salo fiye da ɗaya, kuma idan salo biyu suka yi ta kokawa a ɗan lokacin da ake da shi, harbin ya lalace.

Na huɗu shi ne nauyi. Magnetiron ɗin ƙarami ne, amma yana buƙatar injin tara wuta, babban maganaɗisu, famfon zuƙe iska, na'urar sanyaya, da garkuwar dalma, domin ƙwayoyin da ke dukan anod na fitar da hasken eksire mai cutar da jiki. Abin da ya cika ɗaki a jami'a, sai an ƙanƙanta shi kafin ya hau mota.

Inda gwaje-gwajen suka kai

A Jami'ar New Mexico, Mikhail Fuks da Edl Schamiloglu sun fito da wata dabara a 2005. A maimakon sandar katod guda mai kauri, suka jera siraran sanduna da tazara a tsakaninsu. Wannan ya sa igiyoyin ke tashi da wuri, abin da ke da matuƙar amfani ga na'urar da dukkan rayuwar harbinta ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Sun haɗa wannan da wata tsohuwar dabara ta masanan birnin Gorky na Tarayyar Sobiyet, wanda yanzu ake kira Nizhny Novgorod, ta shekarun 1970, inda ake buɗe ramukan su zama kamar bakin kakaki, igiyoyin su fita ta gaba kai tsaye. Lissafin kwamfuta ya nuna za a iya kai kashi 70 cikin 100, gwajin zahiri da suka wallafa a 2017 kuma ya haura kashi 60.

A Jami'ar Michigan, Ronald Gilgenbach da Y. Y. Lau sun gwada jera ƙananan maganaɗisu domin tilasta wa ƙwayoyin bin salon da ake so tun daga farko. Sun kuma ƙera magnetiron mai shimfiɗaɗɗen jiki a maimakon zagaye, domin ya samu faɗin fitar da zafi.

A cibiyar Technion ta Isra'ila, ƙungiyar Yakov Krasik ta raba katod gida biyu, ta killace ƙwayoyin lantarki a tsakani, domin a nesanta gajimaren fulasma daga wurin da ake samar da igiyoyin.

A China, Jami'ar Fasahar Tsaro ta Ƙasa da ke Changsha, da Cibiyar Fasahar Nukiliya ta Arewa maso Yamma da ke Xi'an, da Jami'ar Kimiyyar Lantarki ta Chengdu na cikin masu yawan wallafa sakamako a wannan fanni. Wani ɓangare na aikin ya karkata ga amfani da maganaɗisun dindindin a maimakon na lantarki, wanda ke rage nauyi da cin wuta. A Rasha, Tomsk ta daɗe tana aiki kan yadda za a riƙa maimaita harbi sau da yawa a daƙiƙa.

Akwai kuma batun haɗa kai. A 1989 James Benford da abokan aikinsa a kamfanin Physics International na California suka nuna cewa za a iya sa manyan magnetiron biyu su girgiza tare ba tare da saɓani ba. Amfanin hakan babba ne: idan guda huɗu suka daidaita, ƙarfin da ke sauka a kan abin hari na iya ninkawa har sau 16.

Kishiya ta shigo

Magnetiron ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai wasu nau'o'in bututun da ke ba da gigawat, kuma sojoji ba su cika bayyana wanne ke cikin makamansu ba. Amma babbar kishiyarsa ita ce taranzisto.

Leonidas na Epirus ba ya amfani da bututu ko kaɗan. Tarin ƙananan na'urorin ƙara ƙarfi ne da aka yi da sinadarin galiyom naitirayid. Kowace ɗaya ƙarfinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da magnetiron, amma idan aka haɗa su da yawa, kwamfuta na iya juya harbin nan take, ta sauya salon igiyar, ta kuma tsawaita shi. Babu famfon iska, babu hasken eksire. A Janairun 2023 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin kwangilar dala miliyan 66.1 domin samfura huɗu.

Ita kuwa rundunar sojin sama ta bi hanyar bututu da makaminta THOR, wanda ke shiga kwantena mai ƙafa 20, kuma aka gwada shi a kan gungun jirage a sansanin Kirtland na New Mexico a Afrilun 2023. Tun a Oktoban 2012 ma ta gwada CHAMP, makami mai linzami na kamfanin Boeing, wanda ya ratsa ta saman gine-gine a hamadar Utah yana kashe kwamfutocin da ke ciki, har da kyamarorin da aka girka domin ɗaukar gwajin.

Takaddamar a nan ita ce nisa. Ƙarfin igiya na raguwa sau huɗu duk lokacin da nisa ya ninka. Na Birtaniya kilomita guda aka ce yana kaiwa. Wanda ke son kai wa makami mai linzami ko jirgin da aka yi wa garkuwa daga nesa, yana buƙatar ƙarfin da har yanzu bututu ne ya fi bayarwa. Shi ma yana da iyaka, domin idan ƙarfin ya yi yawa a bakin eriya, iskar wurin kan tsage kamar walƙiya ta tare harbin.

Ga alama kasuwar za ta rabu: taranzisto ta riƙe tsaron kusa da sansani, bututu ya riƙe aikin nesa da manyan abubuwan hari.

Makamin da bai san nasa ba

Masu tallata makamin na cewa ba ya kisa. Gaskiya ne ba ya huda jiki kamar harsashi, amma bai san jirgin abokin gaba da na'urar numfashi ta asibiti ba. Eriyar waya, motar ɗaukar marasa lafiya, jirgin fasinja mai sauka, da ma rediyon sojan da ya harba, duk suna iya shiga layin. Jirgin da aka kakkaɓo kuma da bam ɗinsa yake faɗowa.

Duniya ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya a nisan kilomita 400 a sararin samaniyar tekun Pasifik, girgizar lantarkin ta kashe fitilun titi kusan 300 a Hawaii, mai nisan fiye da kilomita 1,400. Makamin maikurowef na yin makamancin haka ne a ɗan ƙaramin wuri, ba tare da nukiliya ba.

A 1995 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar haramta makaman lesa masu makantar da mutane. Makaman maikurowef ba su da irin wannan yarjejeniya ta musamman. Abin da ke akwai shi ne ƙa'idojin yaƙi na bai ɗaya, da sashe na 36 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977, wanda ya ɗora wa kowace ƙasa alhakin tantance halaccin sabon makaminta da kanta.

Wani abin damuwar shi ne harin ba ya barin ɓaraguzai. Idan tashar wuta ko cibiyar sadarwa ta mutu, zai yi wuya a bambance hari da lalacewar inji, balle a nuna wanda ya aikata.

Ina Afirka a wannan lissafi?

Binciken ba a Afirka ake yin sa ba, amma matsalar da yake son magancewa ta riga ta iso.

A watan Mayun 2025, jirage marasa matuƙa sun shafe kwanaki suna dukan Port Sudan, inda suka samu filin jirgin sama da rumbunan mai, harin da gwamnatin Sudan ta ɗora wa dakarun RSF. A Mali da Burkina Faso, ƙungiyar JNIM na amfani da jiragen kasuwa da ta maƙala wa abubuwan fashewa. A Najeriya, rahotanni sun ce ISWAP ta kai hari da irinsu a sansanin soja na Wajiroko da ke jihar Borno a Disamban 2024.

Don haka ba abin mamaki ba ne idan dillalan makamai suka fara kawo tallar maikurowef ga gwamnatocin yankin. Wutar da makamin ke sha ba ita ce babbar matsala ba. Na'urar da ke fitar da jul 100 sau 100 a daƙiƙa, kilowat 10 ne matsakaicin abin da take fitarwa, kuma ko an haɗa da asara, babban janareta zai iya ɗauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne kulawa. Katod na cinyewa, famfon iska da na'urar sanyaya na son gyara a kai a kai, ƙura da zafin Sahel kuma ba sa raga wa kayan lantarki. Makamin ba ya gani da kansa, sai an haɗa shi da radar da kyamarori. Ƙasar da ta saya ba tare da horar da injiniyoyinta ba, za ta ci gaba da jiran mai sayarwa a kan kowane ƙaramin gyara.

Sannan makami ne na tsare wuri guda, irin filin jirgin sama, matatar mai ko barikin soja. Ƙauyen da ke nesa ko ayarin motoci a daji ba za su amfana da wuri ba.

Masu ƙera jirage marasa matuƙa su ma ba zama suka yi ba. Lulluɓe kwamfutar jirgi da ƙarfe na rage shigar igiyoyi, ko da yake yana ƙara nauyi da kuɗi, kuma eriya da wayoyin farfela dole su leƙo waje. Kusan dukkan alƙaluman nasarar da ake yaɗawa daga filin gwaji suka fito, kuma daga bakin kamfanoni ko ma'aikatun da suka kashe kuɗin.

Abubuwa uku ne za su nuna ko babban magnetiron zai bar ɗakin gwaji: tsawon lokacin da harbinsa ke ɗauka kafin fulasma ta kashe shi, yawan harbin da katod zai jure kafin a sauya shi, da nauyin dukkan kayan idan an ɗora su a mota. Duk gwamnatin da aka kawo wa talla, waɗannan alƙaluma ya kamata ta nema kafin ta sa hannu.